Jinjina ga Masu Binciken Kifi na New Bussa

Mai cin farfesun tarwaɗa bai cika tunawa da mutanen New Bussa ba. A can ne aka soma binciken tafkin Kainji a 1968, aikin da ya zama cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa. Aikinsu ba na a-zo-a-gani ba ne. Sukan yini suna auna iskar da ke cikin ruwan tanki, suna lura da yadda kashin kifi da ragowar abinci ke gurɓata shi, don mai kiwo ya san lokacin sauya ruwa kafin 'ya'yan kifinsa su mutu. Kwalejin kifi da ke garin kuma tana koya wa matasa ƙyanƙyasar ƙwai da hannunsu. Gwamnati, a ƙara musu kuɗin bincike, sun cancanta.