Gwanintar Ƙwato Katalis da Maganaɗisu

Yaran Manchok sun san abin da ke faruwa idan aka ja maganaɗisun tsohuwar lasifika cikin yashin rafi: baƙin gari ya manne masa cunkus, yashi ya zube. A cikin baƙin garin nan akwai tamar ƙarfe mai suna magnetayit, kuma da ita masana sinadarai suka warware matsalar da ta daɗe tana ci musu tuwo a ƙwarya.

Yawancin magungunan bature ba sa haɗuwa sai da katalis, wato sinadarin da ke hanzarta haɗuwar wasu sinadarai ba tare da ya ƙare ba. Faladiyam na cikin fitattu. Da shi ake haɗin Suzuki, wanda ya samu kyautar Nobel a 2010, hanyar da ake bi wajen yin losatan na hawan jini. Sai dai ƙarfe ne mai ɗan karen tsada, akasarinsa daga Rasha da Afirka ta Kudu yake fitowa, kuma in ya narke cikin haɗin, raba su aiki ne ja. Barinsa cikin magani kuwa haɗari ne.

Tun 1963 Bruce Merrifield ya nuna ana iya ɗaure sinadari a jikin 'yan ƙwayoyin roba a yi aiki a kansu. Na baya suka ɗora. Gwani zai narkar da gishirin ƙarfe iri biyu, kashi ɗaya da kashi biyu, ya ɗiga amoniya yana juyawa, ruwan ya rikiɗe baƙi ƙirin nan take. Ƙwayoyin magnetayit da suka fito ba su wuce nanomita 10 zuwa 20 ba. Sai ya lulluɓe su da roba, ya maƙala faladiyam a kanta. A nan hannu ke nuna kansa: rufin ya yi kauri, maganaɗisu ya kasa ja; ya yi siriri, asid ya cinye ƙarfen.

Da an gama haɗi, sai a kanga maganaɗisu a gefen kwalba. Kana kallo baƙin ya taru wuri ɗaya, ruwa ya washe. A tsiyaye, a wanke, a sake amfani da shi, har sai faladiyam ɗin ya fara zubewa.

Gishirin ƙarfe da amoniya ba su fi ƙarfin ɗakunan gwajinmu ba. Ɗaliban Manchok da Kafanchan masu karatun kimiyyar sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Jihar Kaduna, ku nemi malamanku su koya muku wannan aiki.