Tsokaci a Kan Kalmar "Taɓin Hankali" a Hausar Yola da Jimeta

A Yola da Jimeta, "taɓin hankali" ake kiran kowace larurar ƙwaƙwalwa, tun daga tsananin damuwa har hauka tuburan. A ganina sunan bai dace ba. "Taɓi" yana nuni da mai taɓawa, wanda a tunanin Bahaushe iska ce ko aljani. Don haka sunan kansa yana tura majinyaci wurin mai ruƙiyya kafin likita. "Hankali" kuwa, ɗan'uwan hakkiilo na Fulatanci, ya ƙunshi fahimta da natsuwa da ladabi. Wanda aka ce nasa ya taɓu, mutuncinsa aka taɓa, har aure ya yi masa wuya. Ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 bai kai wannan fage ba.