Masu tono fuska daga cikin duhu

Kafin zuwan kyamara, in attajirin Landan yana son a san kamanninsa, sai ya zauna gaban mai zane a yi masa hoton fenti guda ɗaya tak, a rataye a falonsa. Wanda ke fito da fuskar nan kasuwa gwani ne daban, mai aikin da ake kira mezotint. Wani Bajamushe, Ludwig von Siegen, ya fara ta a 1642, amma a Ingila ta yi gida.

Faifan jan ƙarfe ake samu mai santsi. Sai a ɗauko wani ƙarfe mai lanƙwasasshen baki da ƙananan haƙora, a yi ta jijjiga shi a kan faifan, tsaye da kwance da karkace, kwana da kwanaki, har ko'ina ya yi kaushi. Yaran shago ake bar wa wannan wahala. In aka shafa tawada aka buga a haka, baƙi ƙirin takardar za ta fito.

Daga nan maigida ke karɓa. Mai sassaƙa ƙwarya kan fara da fari ya sa zane. Shi kuwa da duhu yake farawa, yana kankare kaushin yana gogewa. Inda ya kankare kaɗan, toka-toka. Inda ya goge sumul, tawada ba ta samun wurin kamawa, sai haske. Da haka yake fitar da tsinin hanci, da ƙyallin ƙwayar ido, da sheƙin alharini, duk a juye, domin hagun faifai damar takarda ce. In hannu ya zarce, gyara sai an sake kausasa wurin. Ni dai ban san aikin hannu da ya fi wannan neman haƙuri ba. Irin su James McArdell da Valentine Green ne suka kai zanen Joshua Reynolds gidajen da ba su isa su biya shi ba.

Ciniki kuma da nasa wayo. Kaushin faifai na mutuwa da yawan matsi, shi ya sa bugun farko ya fi tsada. Masu kwafar aikin wasu suka addabi sana'ar, har William Hogarth da abokansa suka sa majalisa ta yi doka a 1735, ta ba mai aiki kariyar shekara 14. John Boydell, da sayar da hotuna ya yi arziki har ya zama magajin garin Landan a 1790. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwa yana taya kalandar malamai ko hoton Sardauna ya san dalili: mutum na son fuskar wanda yake ƙauna a bangonsa.

Mu ma muna ciki. Ayuba Sulaiman Diallo, Bafillacen Bundu da aka sayar bawa a Amurka ya kuɓuta, William Hoare ya zana shi a 1733 cikin rawani, da Alƙur'ani rataye a wuya. Masu sassaƙa faifai suka kwafi hoton, aka buga shi a mujallar Gentleman's Magazine a 1750, kusa da William Ansah Sessarakoo na Anomabo, wanda John Faber ya yi wa mezotint a 1749.