Littafi a cikin haruffa 280

Sau huɗu a shekara, har zuwa 2022 da aka rufe ta, kasuwar #PitMad takan ci a Twitter, daga safe zuwa dare. Marubucin da bai taɓa buga littafi ba zai tallata labarinsa cikin saƙo guda: haruffa 140 da farko, 280 daga 2017. Dillalan adabi, akasarinsu na Amurka, suna zagayawa. Wanda ya danna alamar zuciya, ya nemi a aiko masa da shafukan farko ke nan. Har roƙon abokai ake yi kada su danna, gudun murnar banza.

Tsarin ya yi rana. #DVpit, wadda Beth Phelan ta kafa a 2016, ta kai marubuta baƙar fata da sauran waɗanda aka daɗe da mantawa da su gaban dillalan da a da ba su da hanyar isa gare su.

Sai dai abin da ake aunawa a wannan kasuwa iya talla ne. Saƙon da ya fi samun shiga shi ne mai jingina sabon labari da wani shahararren littafi ko fim, wato mai alkawarin abin da aka riga aka sani. Labarin da ƙarfinsa ke cikin zaƙin harshe, ko cikin tafiyar hawainiya ta zaman gida, ba ya shiga wannan mudu. Sai marubuci ya wuni bai samu zuciya ko ɗaya ba, ya koma yana yanke aikin shekara uku, alhali ba wanda ya karanta ko jimla guda daga cikinsa.