Girman Fim da Girman Mutum

A garuruwa irin su Kona, tsohon hoto yakan kwana a ƙasan adaka ko a jikin katin ɗan ƙasa. Mai nazari yakan dubi rawani da zane da kujera, ya manta da abin da ya tsara zamansu duka, wato girman fim ɗin da ke cikin kyamara.

Bamako ta isa hujja. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, ya yi aiki da fim mai santimita 13 da 18, falle ɗaya hoto ɗaya. Falle na da tsada, saboda haka ba a gaggawa: a gyara ɗaurin kallabi, a daidaita hannu, a riƙe numfashi. Rabin natsuwar da ake yabawa a hotunansa daga nan ta fito. Fim mai lamba 120, wanda Kodak ya fitar a 1901, yakan ba da hoto 12 masu santimita 6 da 6. Da kyamara irin Rolleiflex mai ɗauka yana sunkuyar da kai kamar mai gaisuwa, ba ya tsare mutum da ido. Mai milimita 35 kuwa, hoto 36 a naɗi guda, shi ya sauƙaƙa fitar da kyamara zuwa biki da suna da filin kokawa. Tsayuwar girma ta ragu, motsi ya shigo.

A nan masu baje koli na Turai suka yi tuntuɓe. Tun shekarun 1990 suke faɗaɗa hotunan Keïta su cika bango, alhali asalinsu daidai girman fallen fim suke, abin riƙewa a hannu a aika wa dangi. Fuskar tana nan, amma ma'anarta ta sauya.

Asarar karkara ta fi haka nauyi. Mai akwatin katako na ranar kasuwa a kan takarda yake ɗauka, ba ya ajiye komai. Da injinan wanke hoto mai launi suka bazu a shekarun 1980, fim ya zama abin yarwa bayan an karɓi kuɗi. Taron hoto na Bamako, da aka fara a 1994, ya fi ɗaukaka waɗanda suka adana fim ɗinsu. Ga mutanen karkarar Maraɗi, sau da yawa kwafi ɗaya tak ya rage, gara da zafi suna cin sa. Wanda ke son rubuta tarihin hoto a ƙasar Hausa, daga adaka ya kamata ya fara, da ma'auni a hannu.