Jinjina ga Samson Itodo da matasan da suka rage shekarun takara

Gyara kundin tsarin mulkin Najeriya ba wasan yara ba ne. Sai majalisar tarayya ta amince, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su sa hannu. Wannan doguwar hanya Samson Itodo, lauyan da ya kafa ƙungiyar YIAGA yana ɗalibi a Jami'ar Jos, ya bi tare da abokan tafiyarsa.

Ba su tsaya ga ihu a Twitter ba. Sun yi tattaki zuwa ƙofar majalisa a Abuja da kwalaye a hannu, suka bi 'yan majalisa ofis-ofis, jiha bayan jiha. Aiki ne na naci, marar armashi, shi ya sa nake ganin girmansa.

Ranar 31 ga Mayu, 2018, Shugaba Buhari ya rattaba hannu kan gyaran da ya rage shekarun takara. Shekarun takarar shugaban ƙasa suka sauko daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da na majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. Na gwamna da sanata kuwa ba a taɓa su ba, kuɗin fom ma yana nan yana korar ɗan talaka. Duk da haka, a 2023 Rukayat Shittu ta shiga majalisar dokokin Kwara tana da shekara 26.