Wayar da duniya ta saurara: sharhi a kan fim ɗin Goodbye Christopher Robin

Akwai wani waje a cikin wannan fim da na kasa wucewa, sai da na mayar da shi baya sau uku. Ranar zagayowar haihuwar yaron ce. Iyayensa suna Amurka wajen tallar littafi, shi kuma yana gida Ingila tare da mai renonsa. Aka buga waya, ya ɗauka, ya ji muryar babansa. Murna ta kama shi, yana magana da zuciya ɗaya kamar yadda kowane yaro zai yi. Sai a ƙarshe ya gane ashe ba su biyu ba ne a kan layin, gidan rediyo ne ke watsa hirar ga dubban masu sauraro. Gaisuwar da ya ɗauka tasa ce shi kaɗai, ashe talla ce.

Aikina ke nan, gabatar da shiri a rediyo, don haka na san abin da kyamara ba ta nuna ba. Irin wannan hira ba ta faɗowa daga sama. Akwai wanda ya tsara lokacinta, akwai wanda ya gwada layi, akwai wanda ya ɗaga hannu ya ce a fara. Duk manyan sun san abin da ake ciki. Mutum ɗaya ne bai sani ba, kuma shi ne wanda ake sayar da muryarsa.

Ga wanda bai kalli fim ɗin ba, Simon Curtis ne ya ba da umarninsa, ya fito a 2017. Labarin gidan A. A. Milne ne, marubucin Ingila da ya ƙirƙiro Winnie-the-Pooh. Milne ya je Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya ga abin da ya gani a fagen Somme da ke Faransa a 1916, ya dawo jikinsa a gida hankalinsa a can. Domhnall Gleeson ne ya fito a matsayinsa, mutum mai sanyin magana wanda ƙarar buɗe kwalba ko fashewar balan-balan ke mayar da shi ramin yaƙi nan take. Matarsa Daphne, wadda Margot Robbie ta hau, mai son birnin Landan ce da shagulgulansa. A 1920 suka haifi ɗa guda, Christopher Robin, wanda a gida ake kira Billy Moon. Reno kuwa ya faɗa hannun Olive, ƴar aikin da yaron ke kira Nou.

Inda fim ɗin ya fi kyau shi ne tsakiyarsa. Milne ya kwashe iyali zuwa ƙauye, bakin dajin Ashdown a yankin Sussex, da niyyar rubuta littafin da zai la'anci yaƙi. Rubutu ya ƙi zuwa. Daphne ta yi fushi ta koma Landan, Olive ta tafi jinyar mahaifiyarta. Aka bar uba da ɗa su kaɗai a gida, baƙin juna, uban ko abincin safe bai iya haɗawa da kyau ba. Dole ce ta sa suka fara shiga daji tare. Yaron na ɗauke da ƴan tsanarsa, beyar da ɗan alade da jaki da damisa, uban na taya shi ƙirƙira musu labari. Suna jefa ƙirare daga kan gada su ga na wa ruwa zai fara fitarwa ta ɗaya gefen. Da kukan ƙudan zuma ya firgita uban, yaron ne ya kwantar masa da hankali. Curtis bai yi gaggawa a nan ba, ya bar hasken rana da shirun daji suka yi aikinsu, kuma Will Tilston, yaron da ya fito a matsayin Billy, yana da fuskar da ba ta buƙatar dogon zance.

Na ji mutane da yawa suna cewa darasin fim ɗin shi ne iyaye su riƙa ba ƴaƴansu lokaci. Gaskiya ne, amma a ganina wannan ɗibar ruwan sama-sama ce. Milne ai ya ba ɗansa lokaci, kuma kwanakin nan na daji su ne mafi daɗi a rayuwar yaron. Abin da ya ɓata su shi ne abin da aka yi da su daga baya. Yaron ya roƙi babansa ya rubuta masa littafi, shi kuma ya rubuta littafi a kansa, da sunansa na yanka, da ƴan tsanarsa, har mai zane E. H. Shepard ya zo ya zana dajin yadda yake. Winnie-the-Pooh ya fito a 1926, ci gabansa a 1928, duniya ta yi caa a kansu. Daga nan sai wasiƙu buhu-buhu, ƴan jarida a ƙofar gida, ɗaukar hoto kusa da beyar ta gaske a gidan namun dajin Landan. Tambayar da ta zauna wa yaron a rai, wadda fim ɗin ya bari ta fito daga bakinsa bayan ya girma, ita ce: da Baba ke wasa da ni, wasa yake yi ko kayan rubutu yake tarawa? Uban da bai taɓa wasa da kai ba ka san matsayinka a wurinsa. Wannan kuwa ya ba ka abu mai daɗi, sannan ya sa ka shakkar ko naka ne.

Kuma ba mugu ba ne. Nan ne nake ganin marubutan fim ɗin, Frank Cottrell-Boyce da Simon Vaughan, sun yi adalci. Mutumin yana son ɗansa, littattafan ma daga soyayyar suka fito, shi ya sa suka shiga zukatan mutanen da yaƙi ya gajiyar. A zahiri ma Milne ya daina rubuta labaran Pooh bayan 1928, kuma yawan idon jama'a a kan ɗansa na cikin dalilansa. Sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe. Da aka kai yaron makarantar kwana, ɗalibai suka sa shi gaba da tsokana. Fim ɗin ya nuna ana ture shi daga kan matakala. A rayuwar gaske har faifan garmaho da aka naɗi muryarsa yana ƙarami suka riƙa kunna masa don su ƙona masa rai.

Wannan faifan ya tuna mini da wani abu da na yi. Shekarun baya na kawo wata yarinya ƴar shekara shida cikin shirin yara, ta yi tilawar wata waƙar makaranta, harshenta ya sarƙe a wata kalma yadda ya ba kowa dariya. Mahaifinta ya ji daɗi, ni ma na ji daɗi, na yi ta maimaita guntun a matsayin taken shirin har tsawon watanni. Daga baya na ji a unguwarsu an bar kiranta da sunanta, da kalmar nan ake kiranta. Izinin uban na nema, kuma ya ba ni. Ita ban tambaye ta ba, ko da na tambaye ta ma me ta sani? Yau kuwa ba a buƙatar gidan rediyo, wayar hannu da TikTok sun isa uwa ko uba su raba kukan ɗansu ga mutanen da ba su taɓa gani ba.

Inda na saɓa da fim ɗin wuri biyu ne. Na farko Daphne. An ɗora mata kusan dukan laifi, an mayar da ita mace mai son kwalliya da suna wadda ba ta da tausayi, don mai kallo ya samu wanda zai tsana ya yafe wa uban. An ɗan nuna tsoronta na haihuwar namiji don kada yaƙi ya cinye shi, amma ba a tsaya a kai ba. Kelly Macdonald a matsayin Olive ta fi kowa burge ni, musamman inda ta tsaya gaban iyayen gidanta ta faɗa musu gaskiya, sai dai ko ita an yi ta fari tas don Daphne ta ƙara baƙi. Bari mutum ya tuna kuma cewa a gidajen masu hali na Ingila a wancan zamani, barin yaro hannun mai reno ba baƙon abu ba ne.

Na biyu, kuma mafi girma, ƙarshen. Fim ɗin ya buɗe da saƙon tangarahu a 1941 cewa Billy ya ɓace a fagen Yaƙin Duniya na Biyu, ya rufe da dawowarsa. Uba da ɗa suka zauna a dajinsu, ɗan ya ce ya ji wani soja na rera waƙar Pooh a bakin daga, ya gane littattafan alheri ne ga duniya. Aka yi sulhu, kiɗa ya tashi, mai kallo ya share hawaye ya tafi da sanyin zuciya. Christopher na gaske ya je yaƙin, an kuma ji masa rauni a Italiya, amma ɓarakar da ke tsakaninsa da iyayensa bayan yaƙin ne ta yi tsanani, lokacin da ya yi ta neman aiki sunan na biye da shi. A 1948 ya auri Lesley, ƴar ɗan'uwan mahaifiyarsa. A wurinmu auren zumunci ɗinke gida yake yi, a can kuwa ƙara yaga shi ya yi, don Daphne ba ta ga maciji da ɗan'uwan nata. A 1951 ya tattara ya koma garin Dartmouth ya buɗe kantin littattafai. Uban ya rasu a 1956. Daga nan har rasuwar uwar a 1971 kusan ba su sake haɗa ido ba. Sai a 1974 ya iya zama ya rubuta labarin ƙuruciyarsa da hannunsa, cikin littafin The Enchanted Places.

Me ya sa aka ɓoye wannan? Ina zargin don mu ne. Mu masu saye da sauraro da kallo muna cikin labarin, kuma fim ɗin bai so mu fita daga sinima muna jin muna da hannu. Sai ya sa wanda aka cuta ya yafe wa kowa da bakinsa. Ke nan an sake yi wa Christopher abin da ake kuka a kai, an ɗauki rayuwarsa an gyara ta yadda za ta sayu, shekara ashirin da ɗaya bayan rasuwarsa a 1996, ba ya nan balle ya ce a'a.

Duk da haka ina ba da shawarar a kalle shi, musamman abokan aikina da ke riƙe da makirufo a gaban yara. Ƴan tsanar na asali kuwa suna nan har yau a babban ɗakin karatu na birnin New York, inda aka ajiye su a bayan gilashi, jama'a na zuwa kallo. Ɗan kangarun ne kaɗai babu a cikinsu, tun a shekarun 1930 ya ɓata a wani lambun tuffa kusa da gidan.